Kuskus ɗin Juma'a a Hannun Kamila

Duk wanda ya ce muku Kamila ta koyi girkin Maroko cikin sauƙi, ƙarya yake yi, a gabana aka yi komai. Ƙofofinmu na kallon juna a unguwar Sentul ta Kuala Lumpur, dukkanmu mazajenmu muka biyo karatu daga Kano.

A saman benenmu akwai Lalla Walida, tsohuwa 'yar Maroko da ɗanta ya kawo Kuala Lumpur. Kowace Juma'a takan murza kuskus da hannu, ta ciyar da masu dawowa daga masallaci. Sai ciwon gaɓɓai ya kama yatsunta. Jikokinta kuwa ba ruwansu, abincin shagunan Indiyawan garin da ake kira mamak kawai suka sani. Ta ce in ba a samu mai karɓa ba, kuskus ɗin gidansu a kanta zai ƙare.

Kamila ta ce, "Haba Mama, ai dambu ne! Tun ina yarinya nake yin sa."

Kai, bakin Kamila! Ranar farko ta turara sau ɗaya, ta zuba zogale, ta barbaɗa yaji da ƙuli-ƙuli. Tsohuwa ta leƙa madambaci, ta ɗora hannu a ka, ta ce a fitar mata da shi daga kicin. Ni dai dariya na yi har da riƙe ciki.

Da ni ce, wallahi ba zan koma ba. Ita ta koma. Ta koyi yayyafa ruwan gishiri a tsakin alkama, ta murza da tafin hannu, ta tankaɗe, ta turara har sau uku, tsakani tana warwarewa da man zaitun, tururi na ƙona mata yatsu. Ta yi ta sintiri kasuwar Chow Kit neman kabewa da naman rago. Wata da watanni Lalla na ɗanɗanawa tana ture kwano.

Wata Juma'a baƙi 'yan Maroko suka cika falon Lalla. Wani dattijo ya kai loma, sannan ya ce rabonsa da irin wannan tun rasuwar mahaifiyarsa, Allah ya yi wa hannun Lalla albarka.

Tsohuwa ta ɗaga yatsunta da suka kanannaɗe. "Ba waɗannan ba ne," in ji ta. Ta jawo Kamila daga ƙofar kicin. "Ga 'yata nan. Ita ta yi."

Sai da na share hawaye don murna. Asabar ɗin da ta biyo baya, jikokin Lalla suka zauna gaban Kamila, suka naɗe hannun riga don koyo.