Rayuwar Insaf Darwish, Mai 'Yan Tsanar Iskandariyya

Ranar da mijinta ya umarce ta da ta rufe bakinta, Insaf Darwish ta ɗauki jakarta ta ce masa, "Baban Hisham, a komai na bi ka, amma ban da wannan." Daga wannan jimla rayuwarta ta rabu gida biyu.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife ta a shekarar 1938 a unguwar Muharram Bey ta birnin Iskandariyya a ƙasar Masar. Mahaifinta, Darwish Afandi, malamin lissafi ne, mahaifiyarta Zakiyya kuwa tela ce. Tun tana ƙarama take raka mahaifiyarta kantin Stavro, wani mutumin Girka mai tara tsofaffin 'yan tsanar tangaran, wanda Zakiyya ke ɗinka wa 'yan tsanarsa riguna. A wurinsa ta koyi ƙa'idar farko ta wannan sha'ani: 'yar tsana mai idanu masu buɗewa da rufewa, rub-da-ciki ake ajiye ta, domin akwai dalma a cikin kanta, kuma idan ta daɗe a rigingine nauyin dalmar kan ɓalle idanun su faɗa ciki. Stavro kan ce ko gobara ce ta tashi, a kife su kafin a gudu.

Karatu, aiki da aure

Ta kammala kwalejin horar da malamai mata a 1959, ta fara koyar da tarihi a makarantar 'yan mata, tana tara nata 'yan tsanar, tana kuma gyara na Stavro a ranakun Juma'a. A 1961 ta auri Ra'fat Shalabi, injiniya a tashar jiragen ruwa, suka haifi Hisham, Nadira da Wafa'. Dangin mijin ba su taɓa ɗaukar sha'awarta da muhimmanci ba. Surukarta kan tambaye ta a gaban baƙi ko 'ya'yan tangaran ɗin sun ci abinci, tun da na jini da tsoka suna jira.

Rasuwar Stavro

A cikin hunturun 1974 aka iske Stavro a mace a gindin tsani cikin kantinsa, kuma wata 'yar tsanar Faransa mai shuɗayen idanu ta ɓace. Aka kama Umm Ragab, dattijuwar da ta shekara ashirin tana masa shara da girki, saboda maƙwabta sun ji suna cacar baki, alhali kullum sai sun yi ta a kan gishirin miya. Da aka kira Insaf ta duba abin da ya ɓace, sai ta iske an mayar da 'yan tsana shida cikin akwati a rigingine, idanunsu a rufe. Ta shaida wa jami'in bincike cewa Stavro ba zai yi haka ba, Umm Ragab ma ba za ta yi ba, domin ta sha faɗa a kan wannan har ta haddace. Jami'in ya yi murmushi ya ce ta koma aji.

Bikin Shammun Nasim

Da bazara ta zo, a ranar bikin da ake yi na shigowarta, iyali suka taru a gidan surukarta suna cin kifi mai gishiri da ɗanyar albasa, sai Mamduh, ƙanin mijinta, wanda ya shiga dillancin kayan tarihi bai jima ba, ya janye ta gefe da ƙunshi a hannu. "Matar yaya, ga wata makauniyar 'yar tsana na sayo a Alƙahira, ki nuna mana iliminki," in ji shi. Idanun 'yar tsanar sun faɗa cikin kanta suna ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Insaf ta ɗaga gashin domin ta leƙa ciki, sai ta ga ɗinkin koren siliki da ita da hannunta ta yi a kantin Stavro a kan 'yar tsanar Faransar nan da ta ɓace.

Ta fara gaya wa mijinta. Ya ce tsohon ya riga ya tafi, ba shi da kowa, ita kuma Umm Ragab za a sake ta in an gaji da ita. Surukarta ta ce yanzu mai wasa da 'yan tsana ta zama 'yar sanda, sai a saya mata usur. A ƙarshe Ra'fat ya rantse cewa in ta taka ofishin mai gabatar da ƙara, to kada ta dawo. Ta je, ta ajiye 'yar tsanar a kan tebur, ta nuna ɗinkin. Da aka tuhumi Mamduh, ya amsa cewa gardama suka yi da Stavro yana kan tsani, shi kuma ya girgiza tsanin cikin fushi. Aka ɗaure shi shekara goma, aka saki Umm Ragab.

Bayan shari'a

Ra'fat ya sake ta a cikin watan da aka yanke hukunci. Hisham da Nadira suka zauna a wurin mahaifinsu, inda aka tashe su a kan cewa uwarsu ta fifita tangaran a kan jini. Ita da Wafa' suka koma ɗaki biyu a unguwar Bakus, Umm Ragab ta bi su ba tare da an kira ta ba, ta ce ai miyar malama ma ba ta jin gishiri. Insaf ta ci gaba da koyarwa har ta yi ritaya a 1998. Kowace sallah takan je ƙofar gidan Hisham da goron sallar jikoki, a karɓa a bakin ƙofa, ita kuma ta juya da kanta a ɗage. Ba a taɓa jin ta nemi afuwa a kan abin da ta yi ba, domin ba ta ga laifin da za a yafe mata ba.

Rasuwa

Ta rasu a watan Sha'aban na shekarar 2016, tana da shekara saba'in da takwas, aka yi mata salla bayan Azahar, aka binne ta kusa da mahaifiyarta. 'Yan tsanarta suna nan a gidan Wafa', a kife kamar yadda ta bar su. Ta bar 'ya'ya uku: Hisham, Nadira da Wafa', da jikoki bakwai. Wafa' ce kaɗai ta karɓi gaisuwa. Sauran biyun suna cikin garin ranar, ba su zo ba.