Luban ɗin Inna da Wuta Ta Ƙi Ci

Ina 'yar shekara takwas Baba ya kai karsanarmu kasuwar Tanut, ya dawo ba ita. A madadinta ya ciro wa Inna duwatsun wuya manya, masu launin zuma. Ya ce luban ne, wani falke ya kawo daga arewa. Inna ta yi ta faɗa saboda karsanar, amma ko daka take yi suna wuyanta.

Bayan damina biyu ciwon ƙirji ya ɗauke Baba. A shekarar kuma fara ta cinye mana gero tun kafin ya nuna. Da rumbu ya ƙare, Inna ta kama hannuna muka tafi Belbeji, wurin wani tsohon maƙeri Buzu da ya san kayan ado, ko za ya sayi duwatsun.

Ya jujjuya su a tafin hannu. Ya sa allura a garwashi har ta yi ja, ya danna wa guda. Ko gezau. Wani wari ne ya taso, irin na maganin likita.

Ya ce, "Baiwar Allah, luban na gaske ƙaron itace ne. Allura shiga take, ƙamshi ya tashi. Wannan haɗin Nasara ne, wuta ba ta cin sa. Ba zan cuce ki ba, ba zai ciyar da ku ba."

Inna ta karɓi duwatsunta. Ta ce, "Maigidana bai sani ba."

"Na yarda," in ji tsohon. Ya ɗebo mana gero a ƙwarya.

A hanya ta yi kuka, ta gargaɗe ni kada dangin Baba su ji, kada a ce an yi masa wayo. Muka koma Gangara gidan kawuna, tana sussuka a gidajen mutane har ƙarfinta ya ƙare. Ba wanda ya taɓa ji daga bakinta.

Na tsufa kafin jikana, da ya yi lakwal, wato karatun boko, a Damagaram, ya gaya mini sunan abin. Wai bakalit, ana dafa shi da wani sinadari, fenol, da ake samu daga kwalta. Da ya daskare ba ya sake narkewa, shi ya sa ake mariƙin tukunya da shi.

Ni dai na tambaye shi ko falken ya san abin da yake sayarwa. Ya ce, "Wannan kam, Kaka, ba a koya mana ba."