Surukin Malama a Bakin Taga

Har yau ban manta da ranar da Rahila ta fara koyarwa ba. Ku masu shara na yanzu ku ji. Ni Hajo ban taɓa zama a benci ba, amma na share wannan babbar makaranta tun wasu farfesoshin suna zuwa da takalmin roba.

Ga yadda tsarin yake. Ɗalibin da ke doktora, wato karatun zama dakta, yana da farfesa mai kula da shi. Farfesan kan ba shi aro na ajinsa ya yi darasi guda, shi kuma ya zauna baya ya duba. In ya gamsu, sai a ba ɗalibin aji na shekara. In bai gamsu ba, sai baɗi, in da rabo.

Rahila 'yar Dogondutsi ce, tana aure a nan unguwar Harobanda. Kafin ranar, kullum da yamma in ina shara sai ta tsayar da ni ta yi mini darasin, ni da kujeru. Ban jin Faransanci, amma na san muryar da ke riƙe mutane. Nakan ce, "Ɗaga kai, 'yar nan, da ƙasa kike magana?"

Ranar ta zo cikin zafin Afrilu. Sai aka haɗa ta da ajin ma'aikata, manyan da suka dawo ƙaro karatu, ba wanda ya gaya mata. Ina leƙe ta taga. Ta shigo da alli a hannu, ta ɗaga kai yadda na koya mata, sai ga uban mijinta a bencin gaba! Tsohon daraktan lakwal, wato makarantar boko ta yara, da gilashinsa da littafinsa. A gidansu ko sunansa ba ta faɗa, ko ruwa ba ta sha a gabansa.

Yarinya ta zube ƙasa. "Baba, ina kwana?"

Aji ya kwashe da dariya. Ta miƙe, murya ta tafi. Shi kuma tsoho, don a san surukarsa ce, da ta faɗi kalma biyu sai ya ɗaga hannu. Ya ɗaga, ta durƙusa. Ya ɗaga, ta durƙusa. Farfesa yana baya ya harɗe ƙafa kamar mai jiran taksi. Haba!

Raina ya ɓaci. Na jingine tsintsiya na shiga wurin tsoho, na kira shi yadda ake kiran malaman boko a nan, na ce, "Mushe, ana sallama da kai a waje."

Da muka fito ya ce, "Ina mai sallamar?"

"Ni ce. Kai da furfurarka ba ka ga kana kashe yarinyar nan ba?"

"Taimakonta nake, Hajiya! Kuma darasin nan zai fito a jarrabawa, ba zan rasa shi ba."

"To ka ji shi da kunne, ai ba da fuska ake ji ba."

Na jawo masa benci ƙarƙashin taga, inda zai ji ba a gan shi ba. Ya zauna yana gunaguni. Can sai na ji muryar Rahila ta tashi, irin wadda take yi mana ni da kujeru. Ba a jima ba tsoho ya daina gunaguni ya shiga rubutu.

Da aka tashi na tare Farfesa. "Ranka ya daɗe, ba ka san surukinta ba ne?"

"Na sani, Inna. Ina so in ga yadda za ta fita."

"Kai da aka ba amanarta? Da kai ne a gaban uwar matarka, da ta ina za ka fita?"

Ya yi dariya ya sosa ƙeya.

An ba ta ajin. Tsoho ya ƙi sauya aji, wai ba wanda ya iya bayani kamar surukarsa. Shekara guda cur ni ke jan bencin nan duk ranar darasinta, kuma har yau bayana na tuna mini.

Abin da na gane, kula da ƙarami ba zama baya ana kallonsa ba ne. Wani lokaci sai babba ya tashi ya kawar masa da abin da shi ba shi da bakin kawarwa. Rahila yanzu ita ke zama baya tana duba nata ɗaliban. Kafin kowa ya fara, takan tambaye shi, "Akwai wanda kake jin kunya a ajin nan?"