Baturen da ya zo jin waƙar kakata

Shekarun baya can, a farkon lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ina koyar da tarihi a wata sakandare a Daura. Matashi ne ni, ga baki, ga son a ce na sani. Duk wanda tsautsayi ya zaunar da shi kusa da ni sai ya ji cewa kakata ta iya tsohuwar waƙar da matan garinmu ke yi idan za su ɗebo ruwa a rijiyar Kusugu ranar Juma'a. Ni kaina ban taɓa jin waƙar daga farko har ƙarshe ba, amma haka nake tallarta kamar ni na ƙirƙire ta. Wannan surutun nawa ne ya kai kunnen wani abokina da ke aiki a Katsina, shi kuma ya kai shi gaba. Wata rana sai ga shi ya turo mini saƙo ta hannun direban mota, wai wani Bature zai zo takanas domin kakata, in shirya.

Kafin Baturen ya iso, Allah ya yi wa kakana rasuwa. A lokacin babu wayar hannu a garinmu, kuma ko da akwai, mutumin ya riga ya kamo hanya.

Ina cikin aji aka ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da wani tsoho dogo, ramamme, ya dogara sanda yana maida numfashi kamar wanda ya yi tsere, alhali daga mota zuwa inuwar darbejiya kawai ya taka. Mutumin Italiya ne, farfesa. Turancinsa a karye, nawa ma ba wani abin a zo a gani ba ne, sai muka dace. Abin da ya fara tambayata bayan gaisuwa shi ne, “Tana nan da rai?” Na ce tana nan. Wallahi sai da ya rufe ido ya sauke ajiyar zuciya. Ni kuwa na kawar da kai, don na san sauran labarin da ban faɗa masa ba.

A masaukin baƙi na gwamnati ya sauka. Da yamma nakan je mu zauna, a nan na ji tarihinsa guntu-guntu. Ɗan makiyayi ne daga wani ƙauye a kan duwatsu. Ya ce mahaifinsa ko sunansa bai iya rubutawa ba. Limamin cocinsu ne ya ga yaron yana da kai, ya koya masa harshen Latin, ya yi masa hanya har birni. Daga nan ya shiga tsohon yaren Girkawa, bai sake fitowa ba. Ya yi digiri a kan digiri, ya koyar a jami'a har gashinsa ya yi fari, ya yaye ɗalibai waɗanda su ma yanzu farfesoshi ne. Aikinsa na rayuwa a kan tsofaffin labaran kafuwar birane ne. Ya ce Girkawan dā suna da labarin wani baƙo da ya zo ya kashe maciji mai tsare idon ruwa, aka kafa birni a wurin. Ranar da ya fara karanta cewa a wani gari a Afirka akwai irin wannan labari, kuma rijiyar tana nan ana shan ruwanta, bai iya cin abinci ba.

Na ce, “Farfesa, to ai labarin yana cikin littattafai. Ni ma zan iya ba ka shi yanzu, har da ƙari.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce labari yana da shi fiye da buƙata. Duk tsofaffin waƙoƙin Girkawa da ya ƙarar da rayuwarsa a kansu, rera su ake yi a dā, amma babu wani mai rai da ya san yadda sautinsu yake. Ya koyar da su, ya yi rubutu a kansu, ya yi faɗa da abokan aiki a kansu, bai taɓa jin ko ɗaya da kunnensa ba. A ƙarshen aikinsa ɗalibai suka ja baya, ajin da ke cika ya koma ana ƙirga kai da yatsun hannu ɗaya, aka haɗe sashensu da wani, aka yi masa walimar ritaya aka ba shi agogon bango. Matarsa ta rasu bayan nan. Likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki doguwar tafiya ba, 'yarsa ta yi kuka ta gaji, ya taho. Ya ce, “Sau ɗaya nake so in ji irin wannan waƙa daga bakin wadda ta gaje ta. Sau ɗaya tak.”

A nan ne dole na faɗa masa kakata tana takaba. Na yi ta kame-kame wajen bayani: matar da mijinta ya rasu tana zaman gida watanni, ba ado, ba turare, ba shiga sha'ani. Ya saurara da kyau, ya ce ya gane. Ashe bai gane ba, don washegari ya zo ƙofar gidanmu da tsaraba a hannu, atamfa mai ɗaukar ido da kwalbar turare. Wai a Kano direba ya ce masa abin da ake kai wa tsohuwa ke nan.

Baffana, wanda shi ne babba a gidan bayan rasuwar kakana, ya leƙa ledar ya dube ni. Ya ja ni gefe ya ce, “Kai wane irin yaro ne? Ko arba'in ba a yi ba, ka kwaso mana Nasara da turare ya zo jin waƙa? A wannan lokacin da kowa ke sa ido a kan kowa? So kake a ce a gidanmu aka buɗe dandali?” Na ce, “Baffa, ka yi haƙuri, ba da wata manufa ba ne.” Ya ce ya sani, amma baƙo iyakarsa zaure. Duk da faɗan, shi da kansa ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo fura.

Na shiga wurin kakata. Tun ina ƙarami “maigidana” take kirana, tana tsokanata wai na kasa yi mata cefane. Tun da aka yi rasuwar ba ta sake kirana haka ba, ni ma ban sake tsokanarta ba. Na same ta a kan buzu da carbi a hannu, ta lulluɓe da wani tsohon zane. Na zayyana mata komai, har da ciwon zuciyar, don ina ganin tausayi zai karya ta.

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, “Daga wata uwa duniya ya taso saboda waƙar ɗiban ruwa?” Na ce e. Ta ce, “Ikon Allah. To ka ba shi haƙuri. Mutumin da na zauna da shi tun ban san ɗaurin zane ba yana kwance a ƙasa, ni kuma in buɗe baki in yi waƙa? Ko babu mai hana ni, ba za ta fito ba.”

Na ce to ta faɗi kalmomin kawai ba tare da rerawa ba, in rubuta masa. Ta harare ni. “Kai da karatunka. In ka cire mata murya me ya rage?”

Da na fassara wa Farfesa wannan, na zaci zai roƙa, ko ya ce in sake gwadawa. Sai ya gyaɗa kai ya ce ta fi duk abokan aikinsa gaskiya, kada in sake takura mata. Abu ɗaya ya nema, in koya masa yadda ake gaisuwar mutuwa da Hausa. Muka yi ta maimaitawa a zauren nan har baffana ya kasa daurewa ya shiga gyara masa. Sannan aka ba shi izini ya tsaya a bakin ƙofar shiga cikin gida, daga bayan asabari, ya ɗaga murya ya ce, “Yaya haƙuri? Allah ya jiƙansa.” Daga can ɗaki kakata ta amsa, “Da godiya, bawan Allah. Amin, amin. Allah ya ba da lada.” Iyakar abin da ya ji na muryarta ke nan.

Kafin ya tafi na kai shi Kusugu. Ya sha ruwan, ya zauna a gefe, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga sosai. Izinin zamansa ya kusa ƙarewa, maganinsa ma haka. Ya ba ni lambar wayar gidan 'yarsa, ya ce ranar da kakata ta fita takaba in kira shi, zai dawo. Na ce idan jiki bai ba shi dama ba zan ɗauka a kaset in aika. Ya ce to, amma zai dawo. Ni da shi duk mun san da ƙyar yake hawa matakalar masauki.

Watanni suka cika, kakata ta yi wankan fita takaba, aka yi sadaka. Ba a yi kwana biyu ba ta aika a kira ni. Ina shiga ta ce, “Maigidana, ina baƙon naka? Ka ce ya zo, na tuno ta duka.” Don murna ko zama ban yi ba. Na ari rediyo mai ɗaukar magana wurin wani abokina, na sayi kaset sabo fil, washegari na hau mota zuwa Katsina wurin da ake buga waya ƙasar waje.

'Yarsa ce ta ɗauka. Da na faɗi daga inda nake kira, sai ta fashe da kuka. Ta ce ya rasu, an ma binne shi. Ta ce har kwanakinsa na ƙarshe jakarsa tana ɗaure a bakin ƙofa, ya hana kowa ya kwance ta.

Ban san yadda na dawo Daura ba. Na shiga ɗakin kakata da rediyon a hammata, na faɗa mata. Ta yi salati, ta sake yi. Sai ta ce, “Yana da mata?” Na ce ta riga shi. Ta ce, “To wa zai zauna masa?” Na ce su ba sa yin haka. Ta dube ni kamar na faɗi abin da hankali ba zai ɗauka ba, idonta ya cika da hawaye. Ta ce, “Ɗauke wannan abin naka. Ba yau ba. Mutum ya mutu da ƙishin abu, mu kuma mu zauna muna rera shi tun ƙasarsa ba ta bushe ba? A bari a kwana biyu.”

Na ɗauke. Kafin kwana biyun nata su cika, ta faɗi a tsakar gida wajen alwala, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Ta yi jinya har cikin damina, tana kallonmu da ido, bakinta yana motsi ba abin da ke fita. A haka ta cika. Na bi tsofaffin unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, har Sandamu na je wurin wata ƙawarta, kowacce sai ta ce ta dai san ana yi, amma ba ta riƙe ba.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Kakata ta yi abin da ya dace da mijinta, ta kuma yi abin da take ganin ya dace da baƙon da ko fuskarsa ba ta gani ba. Shi ma ya yi haƙurin da mutane da yawa ba za su iya ba. Kowa ya yi daidai, kuma aka tashi babu komai. Na yi ritaya daga koyarwa yanzu, na kai shekarun da ni ma ake zuwa tambayata abin da ya wuce. Kwanakin baya jikata ta dawo daga makaranta, an ba su aiki su samo tsohuwar waƙar garinsu daga bakin manya, ta zauna a gabana da biro tana jira. Na ce mata ta je ta tambayi maƙwabta.