Dogo da Motar Babansu

Bara Dogo ya sha kaye a gareji. Yana rantsuwa motar marigayi babansu za ta koma titi, yayansa na cewa akurki ce, sai ga kaza ta fito daga ƙarƙashin sitiyari. Aka kwashe da dariya.

Yau motar ta gyaru, ga shi tsugune, wuya kamar na zalɓe, yana goge farin ƙarfen gefen motar. Gefe guda yake jan tsumma, kamar mai wasa wuƙa. Da gani, dariyar nan yake kankarewa.

Sai ga yayan, baki har kunne. "Ƙanena, yaushe za ka zaga da ni gari?"

"Leƙo, Yaya. Ka ga fuskarka a ƙarfen? To, iyakar shigarka motar nan ke nan."