Ranar da Na Buɗe Kejin Yaya Sambo

Bana shekara talatin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Sambo, malamin daji a ƙasar Gummi, kuma har yau ban daina jin kunyar abin da na yi ranar sadakar bakwai ɗinsa ba.

A bayan ofishinsa, bakin gandun daji, yana da rumfa da kejuna na waya inda yake jinyar tsuntsaye masu farauta. Makiyaya kan kawo masa shahon da tarko ya karya, manoman fadama su kawo shirwar da aka harba da danƙo. Mahautan kasuwa na ajiye masa huhu da hanji, suna tsokanarsa da “uban ɓarayin kaji”. Bai taɓa damuwa ba.

Yana da hanyarsa ta gwada wanda ya warke. Sai ya ɗaura wa tsuntsun dogon zare a ƙafa ya cilla shi sama. In ya kai giginyar da ke tsallaken fadama, sai Yaya ya yanke zaren. In ya faɗo a hanya, ya zama ɗan gida har mutuwa. Lokacin da ciwo ya kwantar da Yaya, ’yan gidan uku ne: shirwa biyu da wata gaggafa mai fiffike ɗaya da rabi.

Ni ina koyarwa a Anka, na zo zaman makoki. Ranar bakwai Innarmu ta kira ni.

“Tahi ka saki tsuntsayen ga,” in ji ta. “Kak ka bar su tsare, hakkinsu ya bi shi kabari. Sadaka ta.”

Kowa ya ce Inna ta yi gaskiya. Na san zancen zare da giginya sarai, amma ina son a ce na yi wa Yaya wani abu. Na je na buɗe.

Shirwar farko ta yi tsalle biyu ta faɗa cikin shinkafa, karnukan makiyaya suka riga ni isa. Ta biyun ta shige ciyawa tana jan fiffike, washegari gashinta kawai na tarar. Gaggafar ta fito, ta dubi sama, ta dube ni, ta koma kan itacenta ta zauna. Ta fi ni hankali.

Da na dawo Inna ta ce, “Sun tashi?” Na ce biyu sun tashi. Da wannan ƙaryar ta rasu.

Yau da Yaya zai leƙo, ba na jin zai gane wurin. An sare gandun, giginyar ma babu, kuma sai mutum ya wuni a hanyar Bukkuyum bai ga gaggafa a sama ba. Na san ba zai yi dogon surutu ba. Zai tambayi inda mahauta suka koma ne kawai.

Bai bar gida ko gona ba. Gaggafar ya bari, ni kuma na ɗauke ta a kwali zuwa Anka, ta yi shekara tara a bayan ɗakina. Kowace safiya ina layi wurin mahauta, har sunan tsokanar ya dawo kaina. Duk sadakar da na yi wa Yaya, wannan ce kaɗai nake da yaƙinin zai karɓa. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini biyun.