Sola a Kan Soron Inna

Shekarar da likita ya ɗora Inna a kan allurar ciwon suga, wuta ta zama baƙuwa a unguwarmu ta Limancin Kona. Allurar sai da sanyi, firjinmu kuwa ya koma ma'ajiyar kwanuka. Ƙanwata da ke aure a Kaduna ta ce a kai mata Inna, su suna da janareto. Inna ta ce ita da barin ɗakinta sai dai a fitar da gawarta. Nan aka kawo ta amarya, nan ta haife mu, soro ne na ƙasa mai azara da kakanmu ya gina. Ni kuma babban ɗa, sai na bugi ƙirji na ce ba inda za ta, sola zan sa.

Mutum uku na kira. Gidanmu ba a shiga, don haka duk a zaure na tarbe su. Na farko mai shago ne a Sabon Gari. Ya tambayi fanka nawa, ƙwan fitila nawa, ya rubuta fanel huɗu da batir biyu da inbata, ya ce kuɗi hannu. Albashin malamin makaranta bai kai nan ba. Na biyu ma'aikacin wani kamfani ne, da takarda mai sheƙi da murmushin da ba ya ƙarewa. Nasu a ba da wani abu, sauran a riƙa biya duk wata har shekara biyu.

Na uku wani dattijo ne daga Wusasa, tsohon mai gyaran wuta. Ya zo a kan babur, ko biro bai ɗauko ba. Bayan mun gaisa ya ɗaga kai yana ta kallon rufin zauren.

"Malam, cikin gidan ma irin wannan rufin ne?"

Na ce irinsa ne.

"To ba zan faɗi kuɗi ba sai na hau na gani."

Raina ya ɓaci. Wanda bai zauna cikin birni ba bai san abin da hawa soro yake nufi ba. Namiji ba ya hawa sai an aika gidajen da ke kewaye, mata su bar daka da girki su shige ɗaka. Ga shi kuma maƙwabcinmu na baya mun yi wata biyar ba ma gaisawa, a kan indararonsa da ke zubo mana ruwa. In je ƙofarsa neman alfarma saboda mutumin da ban ma yi ciniki da shi ba? Na ce wa dattijon wasu sun ba da lissafinsu daga inda yake zaune. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tada babur ɗinsa.

Mako guda na yi da takardu biyun nan a ofishin malamai. Na gwada batir da batir, garanti da garanti. Na je wajen wani malaminmu na addini na tambaya ko ƙarin da kamfanin ya ɗora riba ce, ya ce tunda an yanke farashi tun farko, ciniki ne. Babu abin da ban tambaya ba sai rufin. Na sa hannu a takardar kamfani ina jin kaina mai wayo.

Ranar da za su kafa, dole na je ƙofar maƙwabcin nan. Ko tashi bai yi daga tabarma ba ya ce ba komai, a hau. Abin da na ƙi yi kenan, bai ɗauke ni minti biyu ba.

Suka huda soron suka kafa ƙarafa. Inna ta ce ƙasa tana zubo mata a kan gado, na ce ta yi haƙuri, aiki ne. Da yamma firji ya ɗauka, fanka ta juya. Inna ta sa mini albarka har na ji kunya. Duk bazarar nan maƙwabta wajenmu suke cajin waya.

Da damina ta kankama, wani tabo ya fito a rufin, daidai saitin akwatinta. Na sa aka yaɓe, ya dawo ya ƙara faɗi. Maginin da na kira ya hau ya daɗe, ya sauko yana karkaɗe hannu. Ya ce ruwa ya bi ƙarafan ya shiga har cikin azara, biyu sun riga sun ruɓe, ga nauyi a kansu. Da an tambaye shi, a tsakar gida za a kafa rumfa a ɗora su. Ya ce ɗakin ba zai kai kaka ba, kada a ƙara kwana a ciki.

Na tafi ofishin kamfanin da zafina. Mai murmushin ya buɗe takardar ya nuna mini layin da ya ce lafiyar rufi tana wuyan mai gida. Na karanta layin nan a baya, na wuce shi. Biyan wata-wata kuma yana nan. Na rasa wanda zan yi wa faɗa, don na san mai laifin.

Aka sauke fanel ɗin aka jingine su a zaure, firji ya sake mutuwa. Ƙanwata ta zo da mota ranar wata Asabar. Ta gaishe ni ta wuce wajen Inna, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Inna muka gaya mata gyara za a yi, na kwana kaɗan.

Kaya kala uku kawai Inna ta ɗauka. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ɗakin, sannan ta juyo. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗan fari.

"Malam, a riƙa buɗe shi yana shan iska, kada in dawo in tarar yana warin sanyi."

Na ce to, Inna.